Shagon da ya ƙi sayar mini da keji

Tsakar ta shigo gidanmu ne a cikin robar ajiye kaya, irin mai murfin nan da ake zuba takalman yara, an huda murfin da wuƙa wuri shida. Maƙwabtanmu ne za su tashi daga Manchesta, mai sabon gidan da suka kama kuma ya ce bai yarda da dabba ba, shi ne 'yarsu ta kawo wa 'yata, ƙawarta ce tun firamare. Na dawo daga aikin dare na tarar da robar a kan teburin cin abinci, 'yata ta zuba tagumi a gabanta. Ko gaishe ni ba ta gama yi ba ta ce, "Abba, dubi ƙafafunta na gaba. Ba ta iya ɗaga ƙirjinta daga ƙasa."

Ni Bakatsine ne, na tashi a gidan da in aka ga tsaka a bango takalmi ake nema. Da na gaya wa Hajiya a waya, shiru ta yi, sannan ta ce, "Tsaka kuma? A ɗakin da kuke kwana?" Na san hadisin da ya zo a kan kashe tsaka, ban kuma ɗauke shi da wasa ba. Na san kuma na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba. Na kai maganar gaban malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa, muka zauna a kanta, wanda abin ya shafa shi ma ya je ya tambayi nasa, don ni ba mai fatawa ba ne. Abin da ke gabana a ranar shi ne rai mara lafiya a cikin roba. Sakinta a waje bai yiwuwa: sanyin nan zai kashe ta, dokar namun daji ta 1981 kuma ta haramta sakin baƙuwar dabba a ƙasar.

To, haka na sami kaina a wani ƙaramin shagon dabbobi masu rarrafe da ke yankinmu, kuma a kansa nake son yin magana, domin na yi wata huɗu ina zirga-zirga a cikinsa, na ga kyaunsa na ga inda ya gaza.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne babu wari. Shagon da ke da macizai da ƙadangaru da dubban gyare, in ba a kula da shi, tun daga ƙofa hanci zai gaya maka. Nan kuwa ɗumi ne kawai da ƙamshin katako. Lasisin ƙaramar hukuma na manne a bango kusa da kanta, domin a Ingila tun 2018 duk mai sayar da dabbobin gida sai an duba shi an ba shi lasisi mai taurari. Mai shagon dattijo ne, ya haura sittin, da yaro ɗaya mai taya shi. 'Yata shekararta goma sha uku, ya kuwa gaya mata kai tsaye cewa da ita kaɗai ta zo ba zai sayar mata da dabba ba, doka ta hana sayar wa wanda bai kai sha shida ba.

Ya buɗe robar, ya shimfiɗa tafin hannunsa a ƙasa ya jira har ta hau da kanta. Ya ce kada mu taɓa kama ta ta wutsiya, in ta tsorata tana yar da ita, kuma a wutsiyar take ajiye kitsenta. Sannan ya ɗaga ta saitin idona ya ce in duba. Sai ga shi ta ƙifta ido. Tsakar bangonmu ta gida ba ta da fatar ido mai rufewa, da harshe take lashe idon. Wannan kuwa tana rufe ido ta yi barci. Yatsunta kuma ƙananan farata ne, babu faffaɗan tafin nan mai manne wa bango, don haka ba ta hawa gilashi. Jikinta rawaya ne da ɗigon baƙi, shi ya sa ake ce mata tsaka mai zanen damisa. Asalinta busassun wurare masu duwatsu ne na Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya da wani yanki na Iran. Da ya ji daga inda na fito, ya ce ai tana da 'yar'uwa a wajenmu, mai kaurin wutsiya, wadda ake samu a dazukan Afirka ta Yamma daga Senegal har Kamaru, arewacin Najeriya na ciki. Ban taɓa sani ba.

Na nuna wani dogon kejin gilashi mai kyau da ke kan kanta, na ce a naɗe mini shi da duk abin da ake buƙata. Kuɗin na hannuna, so nake in gama a ranar. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce wannan na masu hawa ne, tsawonsa a sama yake, ita kuwa wannan ƙasa take bi, fili take so. Ya ce gilashi ta kowane gefe ba ya riƙe zafi a gida irin namu. Ya ƙara da cewa ko da ya dace ma ba zai sayar mini da komai yau ba sai takardar goge-goge da garin kalsiyam, domin ƙafafun nan ciwon laushin ƙashi ne, likita za mu fara gani kafin katako. Ya rubuta mini inda zan sami likitan dabbobi da ya san masu rarrafe, don ba kowane likitan karnuka da kyanwoyi ne ya san su ba.

Gaskiya na fita raina a ɗan ɓace. Amma likita ta tabbatar da maganarsa: rashin kalsiyam da rashin hasken da jiki ke buƙata don sarrafa shi ne suka tanƙwara ƙashin. Ta auna ta, giram 38 kacal. Ta ce abin da ya lanƙwashe ba zai miƙe ba, amma ana iya tsayar da ciwon. Ta kuma tuna mana cewa dabbar nan tana kai shekara 15 zuwa 20, wato wataƙila 'yata ta yi aure ta bar mini ita.

Da na koma shagon, na gaya masa inda nake son ajiye kejin, wani lungu ne a falo tsakanin bango da bango, faɗinsa santimita 93. Shiryayyen kejin katako da yake da shi ya fi lungun tsawo, ƙaramin kuma ya ce ba zai ba ni ba. Ya ce, "Kana iya riƙe injin huda?" Na ce mahaifina ya sa ni aikin kafinta ina yaro. Sai ya juya bayan wani rasit ya zana mini: tsawo santimita 90, zurfi 45, tsayi daga ƙasa zuwa sama 45. Ya ce kada in rage ko yatsa ɗaya. Dalilin da ya bayar shi ne abin da na fi amfana da shi a duk zaman da na yi da shi. Dabbar nan ba ta samar da zafin jikinta, matsawa take yi daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi yadda mu muke sa riga mu cire. In keji ya yi gajere, duka cikinsa zafi ɗaya ne, ba ta da wurin gudu. Ya ce abin da kake ginawa ke nan, gefen rana da gefen inuwa a cikin akwati ɗaya, katakon kuwa abin riƙe su ne kawai.

Kafin in sayi ko kwan fitila, ya ara mini ma'aunin zafi mai tuna mafi ƙarancin da ya gani, ya ce in ajiye a lungun kwana uku. Watan Nuwamba ne. Da asuba falon namu yana sauka zuwa digiri 15, ita kuwa bai kamata dare ya sauka mata ƙasa da 18 ba. Ba don wannan aron ba, da na gina keji mai ɗumi da rana, mai kashe ta a hankali da dare.

Katakon ba a shagonsa na saya ba, ya tura ni wurin masu sayar da katako aka yanka mini. Allon garin katako ne mai rufin roba fari a fuska biyu, kaurinsa milimita 18. Ya gargaɗe ni da ɗanyen katakon bishiyoyin nan masu ƙaro da ƙamshi mai ƙarfi, ya ce man da suke fitarwa yana cutar da numfashin masu rarrafe, musamman in fitila ta gasa shi. Allon da na saya kuma yana da nasa aibin: in ruwa ya sami bakin da aka yanka, kumbura yake yi ya rugurguje. Don haka duk wata mahaɗa sai an bi ta da silikon, wato ƙaron nan da ake toshe kafa da shi don kada ruwa ya shiga. Nan ma ya hana ni wanda na riga na saya na banɗaki, domin ana zuba masa maganin hana fumfuna. Ya ba ni na akwatin kifi. Kayan da na saya a wurinsa ke nan: silikon, layukan roba biyu da gilashi ke zamewa a ciki, tagogin iska huɗu masu zagaye, da kayan wuta.

Ranar Asabar muka haɗa shi ni da 'yata a tsakar falo, bayan uwargida ta sa mun shimfiɗa tsohon zanen gado a kan kafet. Ita ke riƙe allo, ni ina huda ƙaramin rami kafin in ɗaura kowane sukuru, don allon nan in ka tura masa sukuru kai tsaye tsagewa yake. A gaba na sa katako mai tsayin santimita 10 a ƙasa don tare abin shimfiɗa, na sama kuma 6 don ɓoye fitilu. Tagogin iska biyu a ƙasa ta gefen sanyi, biyu a sama ta gefen zafi, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Silikon ɗin yana da wari mai tsami da ke shiga ido. A jikinsa an rubuta yana bushewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma dattijon ya ce in bar shi mako guda, in sa kaina a ciki in shaƙa, sai na daina jin komai.

Yanzu ga inda shagon ya ɓata mini rai, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Gilashin ƙofa su suke karɓar oda su aika wa masu yi. Na gasasshe ne, milimita 4, irin wanda in ya fashe yake zama tsakuwa maimakon wuƙaƙe. Na kai musu awon bakin kejin, tsayi santimita 25.4, na gaya wa yaron shagon a fili cewa wannan awon rami ne, ba a cire na layukan roba ba. Layin sama ya fi na ƙasa zurfi, ana tura gilashin sama ne sannan a sauke shi cikin na ƙasa, don haka dole gilashin ya gaza ramin da 'yan milimitoci. Ya ce ya gane. Bayan kwana goma gilashi ya zo daidai 25.4. Ko ta yaya na juya shi bai shiga ba. Gasasshen gilashi kuwa ba a sake yanka shi, in ka sa masa abin yanka tarwatsewa yake gaba ɗaya.

Kuskure kowa na yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na koma, yaron ya tsaya a kan cewa abin da na faɗa ya rubuta, in ina son wani sai in sake biya. Dattijon ba ya nan, na yi waya sau biyu ba a kira ni ba. Sai da na sake taka ƙafa na same shi, ya duba takardar odar, ya ga babu inda aka rubuta ko awon rami ne ko na gilashi, ya ce laifinsu ne, ya sake oda ba tare da na ƙara ko sisi ba. Ya ba ni haƙuri, na kuma karɓa. Amma an ƙara mako biyu, dabba mara lafiya tana zaune a robar wucin gadi a kan shimfiɗar ɗumi, alhali gidanta na nan a gine babu ƙofa. Wanda zai yi oda a wurinsu, ya tsaya a rubuta a gabansa awon mene ne, ya ɗauki hoton takardar, ya kuma nemi dattijon da kansa. Shagon ya dogara da mutum ɗaya fiye da kima, ranar da ba ya nan wani shago ne daban.

Kayan wuta kuwa ba ni da abin cewa sai alheri. Ya ba ni kwan halojin mai wat 35 don rana, da wani mai ba da ɗumi ba haske don dare, kowanne da ragar ƙarfe da ke kare shi. Jan kwan nan da ake cewa na dare ne ya ce in manta da shi, tana ganin hasken, yana hana ta sanin dare daga rana. Abin da bai yarda a yi ciniki a kansa ba shi ne na'urar daidaita zafi. Na so in jinkirta ta zuwa ƙarshen wata don ita ce mafi tsada, ya ce to in jinkirta kwan ma, ba zai sayar da ɗaya ba ɗaya ba. Irin mai rage ƙarfin wuta a hankali ya ba ni, ba mai kashewa da kunnawa ba, don kada fitila ta riƙa walƙiya a kanta duk yini. Ya nuna mini yadda zan ɗaure bakin wayar awonta kusa da dutsen shan ɗumi yadda ba za ta ture shi ba. Yanzu saman dutsen yana tsayawa wajen digiri 31 zuwa 32, can ɗaya gefen kuma 24.

Sai fitilar UVB, wato mai ba da hasken nan da jiki ke buƙata don sarrafa kalsiyam. Da yawa suna cewa wannan dabba ba ta buƙata tunda da magariba da asuba take fita. Dattijon ya ce duk wanda ya ga ƙafafun tamu ya daina wannan maganar. Ya ba ni Arcadia ShadeDweller, siririya mai wat 8 da kashi 7 cikin ɗari na UVB, wadda aka yi don dabbobin da ke zama a inuwa. A cikin kejin ake ɗaura ta, kusan santimita 30 daga bayan dabbar, domin wannan haske ba ya ratsa gilashin taga, ajiye keji a bakin taga ba ya maye gurbinsa. Ana sauya ta duk shekara ko da tana ci, don hasken da ake nema yana raguwa ido bai gani. Da alƙalami ya rubuta ranar a jikinta kafin ya miƙo mini.

A ƙasa falen dutse baƙi na shimfiɗa a gefen zafi, takardar goge-goge a sauran. Yashi zalla ya hana, musamman wanda ake haɗawa da kalsiyam, don tana lasa ya toshe mata hanji. Ya ce in ta murmure za mu iya komawa cakuɗen ƙasa da ɗan yashi ta riƙa tono. Maɓoya uku ne: ɗaya a zafi, ɗaya a sanyi, ɗaya a tsakiya mai jiƙaƙƙiyar gansakuka. Ya nuna mini na sayarwa, sannan ya ce robar man shafa wa burodi da aka huda wa ƙofa aka goge bakin tana yin aikin. Ita muka yi amfani da ita. Amfanin mai danshin shi ne lokacin saɓa. In tsohuwar fata ta maƙale a yatsa ta bushe, tana ɗaure shi kamar zare har jini ya daina zuwa, yatsan ya faɗi. Tamu ta zo mana da yatsu biyu guntaye a ƙafar baya, sai a lokacin na gane dalili.

Abincinta rayayyun ƙwari ne, gyare da fara da tsutsa, ana barbaɗa musu garin kalsiyam kafin a ba ta. A nan ma ina da ƙorafi. Ranar da kaya suka iso, ƙwarin shagon lafiyayyu ne. In ka je ƙarshen mako kuwa, sai ka buɗe roba ka tarar kusan rabi sun mutu, farashin kuma bai canja ba. Na koyi tambayar ranar da mota ke zuwa, ina kuma ɗaga robar in duba ta ƙasa kafin in biya. Farar tasu ƙanana ce, ba ta kai wadda muke soyawa da yaji a gida ba, amma ranar da uwargida ta gan ta sai da ta kira Hajiya ta nuna mata a waya.

In an haɗa komai, kejin bai zo mini da arahar da na zata ba. Katako da silikon ba su da tsada, gilashi da kayan wuta ne suka cinye kuɗin, kuma su ko shiryayye ka saya sai ka saye su. Ribar da na samu ita ce ya shiga lungun daidai, na kuma san kowace mahaɗa da ke jikinsa. Zan ci gaba da zuwa shagon, na kuma tura wani abokin aikina da ɗansa ke son kunkuru, da sharaɗin ya je ranar da dattijon yake nan. Dokar gidanmu ɗaya ce da ya jaddada mana tun ranar farko: duk wanda ya taɓa ta ko kayanta ya wanke hannu da sabulu, kwanonta kuma ba ya zuwa inda ake wanke na abinci, saboda ƙwayar cutar salmonela da masu rarrafe ke ɗauke da ita.

Daren da muka sa ta a ciki, ta shige maɓoyar sanyi ba ta fito ba kwana biyu, 'yata har da kuka. Na kira shagon, dattijon ya ce a bar ta, kada a ɗaga maɓoyar. A dare na uku, bayan sallar isha'i, fitilu sun mutu, 'yata ta zo ta ja hannun rigata ba ta ce komai ba. Tsakar ta fito ta hau falen dutsen, wanda har lokacin yana riƙe da ɗumin rana, ta baje cikinta a kai, ta miƙe lanƙwasassun ƙafafun nan baya, ta lumshe ido.

Makon jiya muka ɗora ta a kan sikelin kicin, a cikin kofin roba. Giram 54. Ta yi saɓa sau uku a gidan nan, ta cinye fatar kamar yadda suke yi, yatsun da suka rage duk suna nan. 'Yata ta rubuta nauyin a takardar da ta manna a gefen kejin, ta ɗauki hoto, ta ce gobe in mun je sayen fara za ta nuna wa dattijon.